Ramin tiyon ruwa a gindin bango: yashi za a cika ko a mayar da lakar?

Baban Ummi, Marwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas. An ja mana ruwan famfo, mitar tana bakin ƙofa, za a kai tiyo har kicin da banɗaki a ƙuryar gida. Yara sun haƙa ramin: tsawo mita 25, zurfi santimita 70, faɗi 30. Damuwata ita ce kusan rabinsa ta lungu ya bi, tsakaninsa da bangon ɗakuna bai fi santimita 40 ba. Ƙasar unguwarmu kuwa karal ce, baƙar lakar nan da ke darewa da rani har mutum ya zura hannu. Mai famfo ya ce a sayo yashin mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani, a cika ramin har sama. Maginin da ya yi mini gidan ya ce asarar kuɗi ce, ƙasar da aka fitar a mayar da ita inda take. Jiya saura kaɗan su ba hammata iska a tsakar gidana. Wa zan bi?

Mai Famfo, Garwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Bi mai famfo, ba don sana'armu ɗaya ba. Karal idan ta bushe, tsinke ba ya shigarta. Ka jefa hoge ɗaya a kan tiyon PVC, ka bi shi da madaɓi, ka fasa ba ka sani ba, sai ƙarshen wata takardar kuɗin ruwa ta ba ka labari. Ga shi laka ba ta zama wuri ɗaya, damina ta kumbura, rani ta tsuke, tana jan tiyo sama da ƙasa har mahaɗa ta saki. Yashi ba ya haka. Mu a Garwa yashin Binuwai muke zubawa, ba mu da matsala.

Tsohon Magini, Dumayo:
Ba ku da matsala don ku kuna karɓar kuɗinku ku tafi, mu ake kira idan bango ya tsage. Yaro, tiyo nawa ne, gida nawa ne? Ku tiyo kuke karewa. Ka zuba yashi a gindin bango cikin karal, duk ruwan da ya sauka a lungun nan ciki zai shige ya kwanta. Alhaji, ka mayar da ƙasarka.

Mai Famfo, Garwa:
Baba, Allah ya ja kwana, idan tiyon ya fashe a ƙarƙashin lakar taku ai ba ruwan sama kaɗai ba, dare da rana zai yi ta shayar da bangon.

Injiniya, Njamena:
Kafin a ci gaba, Alhaji tambaya uku. Harsashin ginin nawa ne zurfinsa? Lungun nawa ne faɗinsa gaba ɗaya? Indararon rufin ɗakunan ta wane gefe yake zuba?

Baban Ummi, Marwa:
Na kira maginin yanzu, ya ce santimita 60 suka haƙa. Lungun mita ɗaya da ɗan ɗoriya ne, ɗaya gefen katangar maƙwabci ce. Ruwan kwanon kuwa cikin lungun yake zuba, babu indararo.

Injiniya, Njamena:
To, amsarka ta uku ta fi tayar mini da hankali a kan sauran.

Bari in fara da abin da mutane suka fi tsoro, wato kada ramin ya janye ƙasar da ke ɗauke da ginin. Akwai ƙa'ida mai sauƙi: gwargwadon yadda ramin ya fi harsashi zurfi, aƙalla haka za ka nisanta shi daga bakin harsashin. Wasu ma sukan ce ninki ɗaya da rabi. Naka ramin ya fi harsashi zurfi da santimita 10 kawai, kuma yana nesa da 40, ko da an cire ɗan faɗin da harsashin ya fito, ta wannan fuskar ba ka shiga haɗari ba tukuna. Na ce tukuna, don idan ruwa ya cika shi yana buɗe, gefensa ya zabge, lissafin ya canza.

Abin da ke rusa gida a karal ba nauyi ba ne, sauyin danshi ne. Irin lakar nan tana shan ruwa cikin jikinta ta kumbura, ta bushe ta koma. Ƙasar da ke ƙarƙashin tsakiyar ɗaki rana ba ta dukanta, ruwa ba ya taɓa ta, danshinta kusan ɗaya ne duk shekara. Ta gefen bango kuwa kullum cikin hawa da sauka take, kuma wannan hawa da saukar yana kaiwa zurfin da ya wuce mita ɗaya. Harsashi mai santimita 60 yana tsakiyar wurin da ke motsi ke nan. Idan duk gidan ya hau tare ya sauka tare, ba komai. Tsagewa tana zuwa ne idan kusurwa ɗaya ta hau ta bar 'yan uwanta.

Yanzu ka duba abin da ramin yashi yake yi. Rami a cikin laka randa ce, ruwa ba ya fita ta gindi, ba ya fita ta gefe sai a hankali. Yashi kuwa yana barin ruwa ya wuce. Ruwan rabin kwanon gidanka zai zubo cikin lungu, ya nutse cikin yashin, ya bi tsawon ramin, ya kwanta yana jiƙa lakar da ke daidai gindin harsashi har watan Nuwamba, alhali sauran gefen gidan sun bushe. Baba Magini ya yi gaskiya. Amma shi ma ɗan uwana na Garwa bai yi ƙarya ba, hoge yana fasa tiyo. Yashi a kewaye da tiyo kaɗai, laka a sama.

Tsohon Magini, Dumayo:
Ka ji mai ilimi. Da ni na faɗa sai a ce tsufa ne.

Maman Sadiya, Kusiri:
Sannunku da aiki. Ni ba masaniya ba ce, amma na ga wannan da idona. Bayan ambaliyar 2022, ruwa ya janye daga unguwarmu, kowa yana gyara, mu sai ɗaki ɗaya ya ƙi zama lafiya. Tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta bi layin bulo tana hawa mataki-mataki har lintal. Ƙofar ɗakin kuma da damina sai an sa kafaɗa take rufuwa, da rani ta saki har iska ta buɗe ta. Aka toshe da siminti, ta sake buɗewa. Wasu har sun fara cewa a kira malam. Ƙanen maigidana ne ya ce a tona gefen bangon a gani. A watan Maris ne fa, ƙasa ta bushe ƙamas, diga tana tsalle. Da suka kai kan ramin tiyon banɗaki, yashin da ke ciki jiƙe yake sharkaf, ka dunƙula ruwa ya ɗigo. Wanda ya yi mana aikin tun farko yashi ya cika har sama, kuma mahaɗa ɗaya tana ɗiga. Kuɗin da muka kashe a gyaran bangon ya ninka na aikin famfon gaba ɗaya.

Mai Famfo, Garwa:
Hajiya, kin ga ai mahaɗa ce ta ɗiga. Laifin mai haɗawa ne, ba na yashi ba.

Maman Sadiya, Kusiri:
Mahaɗar tana can kusa da banɗaki, ƙanena, ɗakin da ya tsage yana nan gaba da nisa. Wa ya kawo ruwan?

Ɗan Kasuwar Kakatare:
Hajiya ta gama da kai, Malam. Ka je ka sha ruwa.

Manomin Masakwa, Yagwa:
Mu da muke kwana a karal bari mu sa baki. Ruwan farko idan ya sauka ba ka ganinsa a ƙasa, tsagogin nan ne ke shanye shi, ka ji yana ƙara yana gangarawa ciki. Bayan ruwa biyu uku bakin tsagar ya haɗe, daga nan kuma ko kofi ka zubar a sama zai tsaya. Shi ya sa muke yin kunyoyi mu tare ruwa a gona. Muna dasa masakwa, dawar rani, a watan Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, ba ta ƙara ganin ɗigo ɗaya, mu girbe a Janairu ko Fabrairu. Da me ta rayu? Da ruwan da lakar ta riƙe. To wanda ya ba ta ruwa a gindin bangonsa ya sani ba ta saki da wuri. Abin da zan ƙara, Alhaji, kada ka bar ramin nan a buɗe cikin ranar nan. Gefensa na ɓangaren bango yanzu haka bushewa yake yana darewa.

Baban Ummi, Marwa:
Wallahi haka ne, da safe na ga ƙananan tsagogi a jikin ramin. Na sa yara sun rufe shi da tsofaffin kwano. Injiniya, ka yi mini dalla-dalla yadda zan gaya wa ma'aikata, don ni ba zan iya musu da su biyun ba.

Injiniya, Njamena:
Da lungun yana da faɗi da na ce a cike wannan a haƙa wani nesa da bango mita ɗaya da rabi. Tunda babu wuri, kuma ɗaya gefen katangar mutane ce, ga abin da zan yi da gidana ne.

Zurfin 70 ya yi yawa. Turawa suna binne tiyo da zurfi don kada ruwan ciki ya daskare, mu ba mu da wannan. A lungun da mota ba ta shiga, 40 ya isa. Saboda haka a ɓangaren da ke bin bango a fara mayar da laka santimita 20 a daɓe, gindin ramin ya dawo sama da gindin harsashi. A shimfiɗa yashi santimita 10, a kwantar da tiyo, a rufe shi da yashi wani 10. Abin da ya rage, wajen 30, laka ce zalla. A Ostareliya, inda suke fama da irin ƙasar nan, ƙa'idar gininsu ta ce duk ramin tiyo da ke cikin mita 1.5 daga gini, santimita 30 na sama laka za a sa, kuma gindin ramin ya gangara yana barin gini, ba yana nufarsa ba.

Sai toshiya. Inda ramin ya shigo lungun da inda tiyo zai huda bango ya shiga banɗaki, a bar yashi kwata-kwata na tsawon kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya, a cika da laka mai laushi wadda aka tankaɗe, tun daga gindi har sama, a matse ta a jikin tiyon da hannu. Ko ruwa ya shiga yashin daga tsakar gida, nan zai tsaya.

Wurin huda bango kada a kama tiyon da siminti. A sa guntun tiyo mai faɗi, naka ya wuce ta cikinsa da sarari, don idan ƙasa ta motsa ya sami wurin juyawa. Kuma in son samu ne a lungun kada a yi mahaɗa ko ɗaya. Baƙin tiyon roba na naɗi, wanda ake kira PE, zai tafi tsawon nan ba yanka.

Mai Famfo, Garwa:
Maganar PE na yarda, ni ma shi nake sa wa. Amma Injiniya, a takarda daɓe laka yana da sauƙi. Wa zai zauna yana farfasa hoge? Mu abin da muke yi, a tura ƙasa, a sake mata ruwa ta kwana, da safe ta zauna da kanta.

Injiniya, Njamena:
Wannan dabarar ta yashi ce, a yashi tana aiki. A laka saman ne zai yi santsi ka ɗauka ta zauna, ciki kuwa hoge ne da kogo. Damina ɗaya ramin ya lotsa ya zama kwata a gindin bango. Bayan haka ma, ka cika rami da ruwa a gefen harsashin da ya sha rana wata bakwai, ai abin da muke gudu ka yi da hannunka.

Tsohon Magini, Dumayo:
Aikin mata ne a da, su ke daɓen ɗaki, kuma ba su taɓa jiƙa ƙasa ta zama taɓo ba. Ga yadda ake yi. Da yamma a baje ƙasar, a farfasa da bayan fartanya har ba hogen da ya fi ƙwan kaza, a yayyafa ruwa, a juya, a rufe da buhu ko leda ta kwana. Da safe ka damƙa. In ta dunƙule ba ta manne maka a tafin hannu ba, ta yi. In ta ruguje, ƙara ruwa. In ta fito ta tsakanin yatsu, ta yi yawa, bar ta ta sha iska. A zuba ɗani ɗaya, a daɓe har madaɓi ya daina barin sawu, sannan a ƙara. Ba a zuba rabin rami a hau da ƙafa ana tsalle.

Injiniya, Njamena:
Baba ya gama magana. Ɗani ɗayan nan shi ne santimita 15 zuwa 20 da muke rubutawa. Ƙari ɗaya: gara ta ɗan fi danshi a kan ta bushe, don lakar da aka daɓe a bushe ita ta fi kumbura idan ta sami ruwa.

Ɗan Garwa a Faransa:
Salam, na makara. Abin ya ba ni dariya don aikina ke nan a nan, sai dai mu ruwan zafi muke binnewa, bututun da ke kai ɗumi gidaje lokacin sanyi. Na ƙarfe ne, an naɗe shi da kumfa mai riƙe zafi, an sa masa rigar baƙar roba. Shi ma yashi ake kewaye shi da shi, a sama a shimfiɗa ragar gargaɗi, tamu shunayya ce, ta ruwan sha shuɗiya, ta wuta ja, ta gas rawaya. Duk da naɗin nan zafi yana ɗan fita, kuma a laka idan bututun ya matso gini yana busar da ƙasar gefe ɗaya ta tsuke. Ku ruwa ke ɗaga muku kusurwa, mu zafi ke saukar da ita, tsagar iri ɗaya ce. Farin 2003 da na 2022 sun tsaga gidaje masu yawa a ƙasar nan saboda laka. Tun dokar da suka yi a 2018, wanda zai sayar da fili a yankin laka sai an gwada ƙasar. Inda ta fi muni harsashi ba ya gaza mita 1.20, kuma ana son daɓe mai hana ruwa mita 1.5 kewaye da gida.

Abin da zai amfane ka daga aikinmu, Alhaji, shi ne miƙewa. PE yana ƙara tsawo kusan milimita 0.2 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Baƙin tiyo da ya yini a ranar Marwa, ka binne shi ruwa ya ratsa, sauka digiri 30 ba abin mamaki ba ne. A mita 25 santimita 15 ke nan zai ja baya, ya fizge mahaɗa. A kwantar da shi yana ɗan lanƙwasa hagu da dama, kada a ja shi ya miƙe sak, kuma a rufe da sassafe.

Ɗan Kasuwar Kakatare:
Wato ku kuɗi kuke biya a kawo muku zafi? Ka turo adireshi, a watan Afrilu muna da na sayarwa, har da gyara.

Mai Gidan Burodi, Marwa:
Kuna wasa, amma maganar zafi ta taɓa ni. Bangon da ke jingine da tandata shi kaɗai ya tsage a gidan, kuma ba ruwa a wurin. Yau na gane.

Maman Sadiya, Kusiri:
Ni tambayata, me ya hana a bi da tiyon ta jikin bango a sama, a huta da haƙa?

Mai Famfo, Garwa:
Ana yi, Hajiya, kuma in ya ɗiga nan take a gani. Amma PVC rana tana cinye shi ya yi ƙwari ya karye, na ƙarfe tsada, baƙin kuma da azahar ruwan da zai fito ba mai iya alwala da shi. Ga yara da hawa.

Tsohon Magini, Dumayo:
Duk kun manta kwano. Ku yi toshiya goma, in ruwan rufi yana zuba a lungun nan aikin banza ne. A Marwa ruwan shekara kusan duk cikin wata huɗu yake sauka, Agusta kaɗai ya ishe ka. A sa indararo a kai ruwan waje. A yi wa lungun daɓen siminti daga bango zuwa katanga, ya gangara yana barin ɗakuna, da 'yar kwata a gefen katanga ta fita titi. Kuma Alhaji akwai bishiya kusa?

Baban Ummi, Marwa:
Akwai darbejiya a gidan maƙwabci, ba ta fi mita huɗu daga lungun ba.

Injiniya, Njamena:
Saiwa tana bin danshi, yashi kuma ya fi mata sauƙin ratsawa a kan laka. Wani dalilin ke nan na rage yashin da hana mahaɗa. Ana so bishiya ta nisanci gini gwargwadon tsawonta idan ta girma, amma a Marwa wa zai iya wannan, gari duk darbejiya. Kada ka ce a sare ta dare ɗaya, lakar da ta saba tsotsa za ta tara ruwa ta kumbura. A riƙa rage mata rassa.

Daɓen simintin kuma kada a manne shi da bango, a bar siririn tsakani a cika da kwalta ko wani abu mai laushi. Wanda zai yi sabon gini mai bene a irin ƙasar nan, ya kai samfuri Labogenie, ɗakin gwajin ƙasa da kayan gini na gwamnatin Kamaru, a gwada kafin ya haƙa, ba bayan ya tsage ba.

Mai Famfo, Garwa:
Ni dai har yanzu ina ganin 10 a saman tiyo ya yi kaɗan, da ni ne 15 zan sa, don yaran da ke riƙe madaɓi ba su san tausayi ba. Kuma kafin kowa ya zuba ko cokali ɗaya na ƙasa, a buɗe ruwa, a rufe duk famfunan gida, a rubuta lambar da ke kan mita da dare, a duba da asuba. In ta motsa, akwai ɗiga. A goga busasshen tsumma a kowace mahaɗa. Wannan ba ya cin ko dala.

Injiniya, Njamena:
15 ɗin ba laifi, sai a rage lakar gindin ramin zuwa 15 don lakar sama ta kai 30. Zubin farko a kan yashin kuma a daɓe shi da sauƙi.

Baban Ummi, Marwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura wa su biyun hoton maganar nan. Maginin ya ce dama abin da yake nufi ke nan, mai famfon ma ya ce dama abin da yake nufi ke nan. Indararo zan fara sa wa, daɓen lungu sai an biya albashi. Yashi nawa zan saya? Mai famfo ya ce tifa ɗaya.

Injiniya, Njamena:
Tifa ta cika rami har sama ce, wajen kubik 5 da kwata. Yanzu 25 sau 0.30 sau 0.28, kubik 2 da ɗan ɗoriya, ka cire wuraren toshiya ya dawo 2. Baro talatin da 'yan kai. Masu keken kaya za su kawo maka daga mayon Kaliyawo.

Tsohon Magini, Dumayo:
A tankaɗe shi. Yashin mayo na cikin gari akwai fasassun kwalabe da tsakuwa. Kuma ka saya kafin mayon ya kawo ruwa, daga nan farashi tashi yake.